Kafin Ka Dasa Oliyanda a Ƙofar Gida

'Ya'yana, duk wanda ya bi manyan titunan Kano ko Kaduna ko Abuja ko Yamai a 'yan shekarun nan ya ga yadda samari suka rungumi sana'ar furanni. Gefen titi, ƙarƙashin inuwar darbejiya, baƙaƙen ledoji ne a jere cike da ƙasa, kowace da ɗan tsironta, yaro na bin su da butar ban-ruwa tun rana ba ta ɗaga ba. Abin yana faranta mini rai ƙwarai. Sana'a ce ta halal, tana rage zaman banza, tana kuma sanyaya garuruwan da siminti da kwalta suka mayar tanda. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, da yawa sun ƙawata tsakar gidan iyayensu da tukwanen furanni. Saboda ina son wannan harka ta ɗore a hannunku ne na ga ya kamata in yi muku magana a kan wata shuka guda da ke cikin waɗanda suka fi fita a kasuwarku. Masu lambu na kiranta oliyanda, Larabawa na ce mata difla, a Nijar kuma za ku ji ana cewa loriye-roz. Kyakkyawa ce, ba ta da wahalar reno, kuma tun daga saiwarta har furenta babu inda ba dafi.

Ku fara da gane ta da ido, domin da yawa suna sayar da ita ba su san ita ce ba. Ba ta yin gindi ɗaya irin na bishiya, rassa ne da yawa ke tashi tare daga ƙasa, miƙaƙƙu, su kai mita 2 zuwa 6 idan an bar su. Ganyenta dogo ne siriri mai tsini, kauri gare shi, da jijiya guda fara-fara a tsakiya. Ku kama reshe ku duba gaɓarsa da kyau, za ku ga ganye uku-uku ne ke fita a zagaye daga wuri ɗaya. Wannan ita ce babbar alamarta, ko da yake wani lokaci biyu-biyu suke fita. Furen yana fitowa a dunƙule a kan tsinin reshe, mai kunne biyar, yawanci ruwan hoda, akwai fari, akwai ja, akwai kuma mai ninki-ninki mai ƙamshi. In ya kaɗe sai wasu dogayen kwanso su biyo baya, su bushe su tsage, iri mai gashi ya fito iska ta kwashe. Idan aka karya reshe, wani ruwa mai danƙo ne ke tsattsafowa. Ba ta zubar da ganye gaba ɗaya ko a tsakiyar rani, shi ya sa take kore shar lokacin da komai ya yi fari fat da ƙura.

Tana da 'yar'uwa wadda ma ta fi ta yawa a wurarenmu, a shingen makarantu da ofisoshi da tsofaffin gidajen ma'aikata. Ita furenta rawaya ne mai siffar mazurari, ganyenta ya fi siranta da sheƙi, in an karya ta kuma farin ruwa ne ke fita. Asalinta daga Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka ne. 'Ya'yanta kore ne masu kusurwa, in sun nuna su yi baƙi su faɗo, a ciki akwai ƙwallo mai tauri, a cikin ƙwallon kuma akwai ƙwaya. Wannan ƙwaya ita ce mafi haɗari a jikin shukar, guda ɗaya ma tana iya jefa ƙaramin yaro cikin halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai. Abin tsoron shi ne ƙwallon yana da kyan wasa, yara na tsintarsa su cika aljihu, wani ya sami dutse ya fasa don ya ga abin da ke ciki. Duk abin da zan faɗa a kan oliyanda ya hau kan wannan mai rawayan fure, har da ƙari.

Kada ku ɗauka cewa wannan wani baƙon al'amari ne a wurinmu. Dangin shukar nan mun daɗe da su. Kariya, mai kumburarren gindi da ke fure a cikin rani ba ganye a jikinta, 'yar gidansu ce, kuma an daɗe ana amfani da ita wajen kashe kifi da dafa kibiya a sassan Afirka. Yau ita ce masu lambu a Tailan da Taiwan suka inganta suna sayar wa duniya da tsada. Kwankwani, wanda maharba ke haɗa dafin kibiya da shi, shi ma ɗan gidan ne. Haka tumfafiya, wadda kowane yaron ƙauye ya taso yana jin kashedin kada ruwanta ya shiga masa ido. Bambancin kawai shi ne waɗancan mun gaje su tare da iliminsu, kaka ta faɗa wa uwa, uwa ta faɗa wa ɗa. Oliyanda kuwa ta shigo mana cikin leda daga bakin titi, ba wanda ya rako ta da kashedi. Wannan giɓin nake so ku cike.

Ba ina cewa ku guje ta ba ne. Duniya ta daɗe tana ƙaunarta, kuma da dalili. Asalinta busassun ƙoramu ne na ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, daga Maroko har gabas zuwa Indiya, inda ruwa ke zuwa da ambaliya sannan ya ɗauke wata da watanni. A nan ta koyi jure fari da zafi da ƙasa mai gishiri. Ana ganin zanenta a bangon gidajen tsohon birnin Pompei na Italiya. A birnin Galveston na jihar Texas an kawo ta daga Jamaika a 1841, kuma bayan guguwar 1900 da ta rusa birnin, da ita aka sake ƙawata tituna, har ake kiran garin da sunanta. A Kalifoniya an dasa miliyoyinta a tsakiyar manyan hanyoyi saboda ba ta damu da hayaƙin mota ko ƙarancin ruwa ba. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Hiroshima. Bayan bam ɗin nukiliya na 6 ga Agusta 1945, an yi ta cewa sai an shekara 75 ciyawa ba ta tsira a wurin ba. Oliyanda na cikin farkon abin da ya yi fure a kan wannan toka, mutanen birnin kuma suka ɗauke ta ta zama furen garinsu. Shukar da ta yi wannan, bazarar Sakkwato ko ta Damagaram ba za ta ba ta tsoro ba.

To, yaya dafin yake aiki? A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsokar zuciya akwai wani ɗan famfo da ke fitar da sinadarin sodiyam yana shigar da fotasiyam, kuma da wannan musaya ce bugun zuciya ke tafiya kan tsari. Sinadaran da ke cikin shukar, babbansu shi ne oliyandirin, suna toshe wannan famfo. Sai fotasiyam ya taru a cikin jini, bugun ya rikice, ya yi ƙasa sosai ko ya riƙa tsalle, in abin ya yi tsanani zuciyar ta tsaya. Kafin a kai nan akan ga tashin zuciya da amai, dalalar miyau, ciwon ciki, zawo, jiri da kasala. Alamun kan fara bayan 'yan sa'o'i, amma rikicewar zuciya tana iya jinkiri har mutum ya ɗauka ya warke. Abu huɗu nake so ku riƙe da kyau. Bushewa ba ta kashe dafin, busasshen ganye yana nan da ƙarfinsa. Tafasawa ba ta kashe shi. Ruwan da aka jiƙa reshe ko fure a ciki shi ma ya ɗauka. Hayaƙinta kuma in an ƙona ta yana cutar da mai shaƙa.

Akwai rahama guda a cikin lamarin: ɗanyen ganyen ɗaci gare shi ƙwarai. Yaro in ya tauna yakan tofar, dabba mai ƙoshi kuma takan sunsuna ta wuce. Shi ya sa za ku ga shukar ta shekara goma a bakin titi awaki na gilmawa ba abin da ya faru, har mutum ya ce ai maganar dafin nan zuzutawa ce kawai. A nan ne mutane ke ruɗuwa. Shukar da ke tsaye ba ita ta fi kisa ba. Wadda aka sare aka yar, ita ce matsalar. In ganyen ya yi yaushi ya bushe, dabba ba ta ƙyamarsa kamar ɗanye, ya kuma gauraya da ciyawa da harawa yadda ba za ta iya tsince shi ba. An buga wani rahoto a 2020 a kan wata gonar shanun madara a Italiya, inda busassun rassan oliyanda da aka datse suka gauraya da abincin shanu bisa kuskure. Shanu kusan 50 suka kamu, 13 suka mutu cikin kwana 4, aka kuma gano dafin a cikin madara da cukun da aka yi da ita. Wannan a ƙasar da shanu ke killace ne, ana auna musu abinci. Ku auna da namu hali, inda akuya da tunkiya ke yawo gari, kowace bola wurin kiwo ce, kuma daga Maris zuwa Mayu dabba na cin har kwali da leda saboda yunwa.

Ku kawo hoton a ranku. Maigida ya ce shingen ƙofar gida ya yi tsawo, a kira yaro ya rage shi. Yaro ya zo da adda da safe, ya sassare, ya tara tuli guda na kore shar a gefen kwata, aka ba shi kuɗinsa ya tafi. Da la'asar wani almajiri ko ɗan maƙwabta da aka aika neman ciyawa ya ga tulin, ya yi murna, ya cika buhu ya kai wa ragon layya da ke ɗaure a turke. Rago a ɗaure ba shi da zaɓi, abin da aka zuba masa shi zai ci. Gari ya waye a tarar da shi a miƙe, ciki a kumbure. Mai rago zai ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, wani ya ce ciwon daji ne, wani ya ce maciji. Ba wanda zai waiwayi shingen. Mai shingen ma zai zo jaje da zuciya ɗaya, bai san daga ƙofarsa abin ya fito ba. Na yarda da ƙaddara kamar kowane mai imani, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya yar a hanya. Ganye kaɗan, wanda bai cika tafin hannu biyu ba, ya isa ya kayar da saniya ko doki. Jaki da raƙumi da kaji ma ba su tsira ba.

Saboda haka shawara ta farko ana yanke ta tun kafin a haƙa rami: ina za a dasa? In gidanku akwai yara masu rarrafe ko waɗanda ba su kai hankalin jin kashedi ba, ku haƙura da ita tukuna. Haka gidan da ake kiwo, ko da kaji ne. Kada ta kusanci turke, ko akurki, ko rijiya, ko randa, ko wurin da ake shanya hatsi da kuɓewa da kuka, domin ganyenta na kaɗewa kaɗan-kaɗan duk shekara, iska kuma ba ta tambayar inda za ta kai shi. Kada a yi shingen makarantar firamare ko ta allo ko filin wasan yara da ita, balle mai rawayan fure. Kada a yi shingen gona da ita a kan burtali. Inda ta dace shi ne cikin harabar da ke da katanga da ƙofa, ko tsakiyar babban titi inda ba mai zama, ko farfajiyar ma'aikata da ke da mai kula na dindindin wanda ya san abin da yake riƙe da shi. A dasa ta nesa da bututun ruwa da ramin masai, saiwarta gwanar bin danshi ce.

In wuri ya dace, renonta ba wuya. Rana take so, sosai. A inuwa za ta yi tsawo ta rame, fure kuma sai ɗai-ɗai. Ba ta zaɓen ƙasa, jigawa ko jar ƙasa duk tana yi, abin da ba ta so shi ne ruwa ya kwanta mata a gindi kwana da kwanaki, musamman a cikin tukunya. Da reshe ake yaɗa ta, don irin ba lallai ya ba ku launin uwar ba. Ku zaɓi reshen da ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, mai kaurin fensir, ku yanko tsawon santimita 15 zuwa 20, yankan ya faɗa daidai ƙasan gaɓa. Ku cire ganyen ƙasa ku bar biyu ko uku a sama. Sai a soke shi cikin leda mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa mai haske, a riƙa yayyafa ruwa. Wasu kan tsoma shi a kwalbar ruwa, cikin 'yan makonni sai ka ga fararen saiwoyi sun fito daga gaɓar. Hanya ce mai kyau, amma kwalbar nan kada ta zauna a taga ko a ɗakin girki inda yaro zai ɗauka ya kurɓa, kuma in an gama a zubar da ruwan a rami a fasa kwalbar ko a binne ta.

Lokacin dasawa shi ne farkon damina, in ruwa ya zauna, wajen Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta kama kafin rani. Ramin ya ninka faɗin ledar sau biyu, a gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sarai, a bar tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin gindi da gindi. Ranin farko ne kawai take buƙatar ku tsaya mata. Ku ba ta ruwa mai yawa wanda zai nutse ƙasa, sannan ku bari saman ƙasar ya bushe kafin ku ƙara. Yayyafi kullum-kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. Daga shekara ta biyu tana iya riƙe kanta, sai dai in kuna son fure da yawa a bazara ku riƙa taimaka mata. Taki kuma kada a cika, yawansa ganye yake kawowa, fure ya ja baya. In kun ga ganyen ƙasa na yin rawaya yana zuba da yawa, ku fara duba ruwa, galibi ya yi yawa ne ko tukunyar ba ta tsiyaya.

Ƙwari ba su cika damunta ba, amma akwai nata. Za ku ga wasu ƙananan ƙwari rawaya masu baƙaƙen ƙafafu sun yi cincirindo a kan sabon toho, irin masu kawo darɓa, ganye ya yi danƙo daga baya ya yi baƙi. Feshin ruwa mai ƙarfi yana kakkaɓe su, ko ruwan sabulu kaɗan, ko jiƙon 'ya'yan darbejiya, da yamma in rana ta yi sanyi. Akwai kuma wata ƙatuwar tsutsa kore mai tabo biyu shuɗaye kusa da kai, tana iya cinye ganyen reshe a kwana kaɗan. A tsince ta da safar hannu. Ƙurar hunturu ma a riƙa wanke ta daga ganyen lokaci-lokaci.

Yanzu ga ranar da ta fi kowace muhimmanci, ranar datsa. Furen yana fita ne a kan sabon reshe, don haka datsa tana ƙara mata kyau, in an yi ta bayan babban fure ya wuce. Kowace shekara a cire kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin rassan tun daga gindi, a rage tsawon sauran daidai saman gaɓa, a fitar da busassu da masu gogar juna. Mai aikin ya sa safar hannu ta roba da riga mai dogon hannu, in da hali da tabarau, domin ruwan na sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, a ido kuma yana da zafi ƙwarai. Kada ya ci goro ko rake ko ya sha taba yana cikin aikin. In ya gama ya wanke hannu da almakashi da adda da sabulu. Addar nan kada a wuce da ita kai tsaye a yanka wa dabbobi ciyawa ko a fasa kabewa.

Shawarata ita ce a haƙa ramin zuba sharar kafin a taɓa reshe ko ɗaya. Rami mai zurfi, a cikin harabar, inda akuya ba za ta tona ba. A shimfiɗa buhu ko tamfol a gindin shukar don komai ya faɗa a kai, a daddatse rassan gajeru, a zuba a rami, a share wurin tsaf har ɗan ganyen da ya maƙale a kwata, a rufe da ƙasa a take. A ranar, ba gobe ba. Kada ku ba masu kwasar shara a baro, domin kun san inda suke juyewa, kun kuma san su wa ke kiwo a can. Kada ku ƙona. Kada ku bari a ɗebi itacen a kai murhu. Rassanta miƙaƙƙu ne sumul, suna jan hankalin mai neman tsinken tsire, ko asuwaki, ko maburgi, ko sandar kora dabba. Ko ɗaya bai halatta ba. Idan yaro kuka ɗauka aikin, haƙƙinsa ne a kanku ku faɗa masa abin da zai taɓa, ku ba shi safar hannu, ku kuma tsaya har a rufe ramin.

Sai maganar magani, wadda ta fi shafarku ku masu waya a hannu. Za ku ci karo da bidiyo ana cewa a tafasa ganyen kaza a sha, yana maganin ciwon suga ko daji ko hawan jini ko rage ƙiba. Gaskiya ne likitoci na amfani da dangin wannan sinadari. Tun 1785 wani likita a Ingila, William Withering, ya yi rubutu a kan tsiron dijitalis, wanda daga jinsinsa aka samo digozin da ake ba masu ciwon zuciya har yau. Amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa ƙanƙanuwa ce ainun, har sai an riƙa auna jinin majiyyaci. Ba wanda zai iya wannan awo da tukunya da ludayi, komai ƙwarewarsa, domin ƙarfin dafin ma ya bambanta daga ganye zuwa ganye. A 2020, lokacin annobar korona, wasu a Amurka sun yi ta tallar oliyandirin a matsayin magani, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta ƙi amincewa a sayar da shi a matsayin ƙarin abinci. A 2023 hukumar ta yi gargaɗi cewa wasu ƙwayoyin rage ƙiba da ake sayarwa ta intanet da sunan wani iri daban, ashe 'ya'yan oliyanda mai rawayan fure ne. 'Yan matana, ku ji wannan da kyau. Duk ƙwayar da aka ce ki haɗiya ki rame cikin mako guda, ba sunan kamfani ba lambar hukuma, ki bar ta inda kika gan ta.

In kuwa abin ya riga ya faru, yaro ya tauna ganye ko ya ci ƙwaya, kada a tsaya jiran alama. A cire abin da ya rage a bakinsa, a kuskure masa baki, a nufi asibiti nan take, babba in da hali, wanda ke da na'urar duba bugun zuciya. A tafi da reshen ko ƙwallon a cikin leda don likita ya gani da idonsa, a kuma faɗi lokacin da abin ya faru. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Waɗannan ɓata lokaci ne, wani ma ƙarin cuta ne. A asibiti akwai wani gawayi na musamman da ake bayarwa don ya kama dafin a ciki, ba irin na murhu ba ne, akwai allurar da ke ɗaga bugun zuciya, akwai hanyar sauke fotasiyam. Akwai ma makarin dafin kansa, wanda wani gwaji da aka yi a Siri Lanka aka buga a mujallar Lancet a 2000 ya nuna yana daidaita zuciyar waɗanda suka ci ƙwayar mai rawayan fure. Sai dai yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke ajiye shi ba. In likita ya ce a kwana a ƙarƙashin kulawa, a kwana, ko da yaron ya tashi yana wasa. Wanda ruwan ya shiga wa ido ya wanke da ruwa mai tsabta na tsawon minti 15. Dabba kuma a kira mata likitan dabbobi. Na san al'adarmu, in dabba ta fara shure-shure sai a ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. In ana zargin wannan shuka ce, kada a ci naman, kada a kai wa mahauta, kada a sha nonon sauran da suka ci tare da ita, sai abin da likita ya ce.

Ku masu sayarwa, a hannunku rabin maganin yake. Na san tsoronku, kada ku ce dafi ne mai saye ya ajiye ya wuce wurin na gaba. Amma tambaya biyu ba za su kashe muku kasuwa ba. "Alhaji, akwai ƙananan yara a gidan? Ana kiwo?" In ya ce e, ku ce, "To ranka ya daɗe, wannan ba ta gidanka ba ce, zo in nuna maka wata." Ga boganbiliya mai jure rana, ga fure mai kama da na zoɓo da ake kira hibiskus, ga lalle da ke yin shinge mai kyau da ƙamshi, Hajiya ma ta samu na ƙunshi. In kuwa gidan ya dace, ku sayar masa, ku gaya masa yadda zai yi da sharar, ku ce ya gaya wa mai gadinsa da mai yi masa shara. Mutumin da kuka faɗa wa gaskiya a kan tsiron ɗari biyar, ku zai nema ranar da zai ƙawata sabon gida. A lambun naku ma ku ware ta gefe guda, ku koya wa yaran da ke taya ku aiki sunanta da halinta tun ranar farko.

Wani kuma zai ce, ni ban dasa ba, tarar da ita na yi a gidan haya, ko a makarantar da nake koyarwa. Ka fara da nuna wa yara ita, ka kira sunanta, ka ce ba a taɓawa, ba a tsinkar furen, ba a wasa da ƙwallon. In mai rawayan fure ce, a riƙa tsinke 'ya'yan tun suna kore, a share waɗanda suka faɗo kowace safiya. Sannan ka sami mai gidan ko shugaban makaranta, cikin ladabi, ka yi masa bayani, a yanke shawara ko za a iya kula da ita ko cire ta ya fi. In cirewa za a yi, sara daga sama ba ya wadatarwa, kututturen zai sake toho da ƙarfi da ruwan farko. Sai an jiƙa ƙasar, an haƙa kewaye, an tumɓuke gindin da manyan saiwoyinsa, a binne su tare da rassan. Bayan haka a riƙa leƙa wurin har damina ta wuce, duk tohon da ya ɓullo a cire shi tun yana ƙarami.